'Yar Kyanwar da Ba Ta Zo Gidan Alƙali Ba

A birnin Alƙahira, wajen shekarar 1835, kullum bayan La'asar akan shigo da tarkacen nama da kayan ciki a zube a babbar farfajiyar da ke gaban kotun Alƙalin Alƙalai, sannan a kira magunan unguwa su zo su ci. Wani ɗan Ingila mai suna Edward William Lane, wanda ya yi shekaru a birnin, shi ya ba da labarin a littafinsa na al'adun Misirawa da ya fito a 1836. Ya ce har ya zama idan mutum ya gaji da magensa, sai ya ɗauke ta ya kai gidan alƙali ya sake ta a farfajiyar, ya juya abinsa da kwanciyar hankali.

Asalin wannan ciyarwa ya girmi alƙalin da fiye da shekara 500. Sarki Zahir Baibaras bawa ne da aka sayo, ya zama sarkin yaƙi, yana cikin waɗanda suka karya rundunar Mongol a Ainu Jalut a 1260, ya kuma mulki Masar da Sham har rasuwarsa a 1277. Ba mutum ne mai gudun zubar da jini ba, don da hannunsa a kisan sarkin da ya gada. To shi ne ya yi waƙafin wata gona kusa da masallacinsa a arewacin birnin domin ciyar da magunan da ba su da mai su, aka riƙa kiranta lambun mage. Abin da ya sami gonar kuwa, wanda ya taɓa ganin yadda ake yi da gadon marayu ba zai yi mamaki ba. Masu kula suka sayar, wanda ya saya ya sayar, har ya zama a zamanin Lane abin da ke shigowa daga gare ta bai wuce fiyasta 15 a shekara ba. Da yake alƙali shi ne majiɓincin waƙafi, sai nauyin ya dawo aljihunsa.

Baibaras bai ƙago tausayin mage ba, a addininsa ya tarar da shi. Almajirin da ya yi nisa kaɗan ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, hujjar da malamanmu ke kafawa cewa bakinta ba najasa ba ne. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da sunan 'yar kyanwa duniya ta san shi, domin ma'anar Huraira ke nan. Shi da kansa ya ce yana yaro yana kiwon tumakin gidansu yana da wata 'yar ƙarama, da dare ya ajiye ta a kan bishiya, da rana ya tafi da ita kiwo. Duk Hurairar da ke unguwarku, sunan wannan 'yar kyanwar take amsawa.

Amma a duba waɗanda ke halartar walimar gidan alƙali. Manyan muzurai ne da maguna masu ƙafa, waɗanda za su ji kira su tsallako katanga, su yi kokawa a kan hanji. Wadda aka haifa kwana 5 da suka wuce a bayan buhunan hatsi, keken doki ya take uwarta, ba ta cikinsu. Idonta a rufe yake, kunnenta a toshe, nauyinta bai fi giram 100 da 'yan kai ba. Ko an kai mata hanta har bakinta ba za ta iya ci ba. Waƙafi yana ciyar da mai yunwa, ita kuwa uwa take nema. Kuma irinta su ne mafiya yawa: wani bincike da aka buga a 2004 a kan magunan titi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya bi 'yan kyanwa 169, aka tarar 127 sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata 6. Uku cikin huɗu ke nan, alhali da yawansu ma suna da uwa.

Akan ce ai Misirawan zamanin Fir'auna sun bauta wa mage, don haka nan ne aljannarta. Da masana suka ɗauki hoton ƙashi na gawarwakin magunan da aka naɗe a likkafani, waɗanda ke ajiye a Landan, sai aka ga da yawansu 'yan watanni ne, wasu an karye musu wuya. Kiwonsu ake yi a kashe a sayar wa masu ziyarar ɗakunan bauta. Waɗanda aka tono a Bani Hasan a 1888 kuwa, tan 19 aka loda a jirgin ruwa zuwa Libaful, aka yi gwanjonsu a 1890 aka mai da su taki.

A Turai, har cikin ƙarni na 20, maganin 'yan kyanwar da ba a so bokitin ruwa ne. Ba ɓoyewa ake yi ba, aikin gida ne kamar shara: mage ta haihu, a bar mata ɗaya saboda nono, sauran a nutsar. Da ƙungiyoyin tausayin dabbobi suka taso, gidan karnukan da Mary Tealby ta kafa a Landan a 1860 ya fara karɓar maguna a 1883, a 1927 kuma aka kafa ƙungiya ta maguna zalla ƙarƙashin Jessey Wade. Sai dai abin da irin waɗannan gidaje suka iya yi wa jaririyar da aka tsinto ba shi da yawa. Galibi akwati ne da kulorofom, a sa ta ta yi barcin da ba tashi. A wurinsu rahama ke nan, kuma ni ban ga laifinsu sosai ba. Mutum ne aka kawo masa kwando cike da jarirai masu gudawa, ba shi da abin ba su, ya kuma san in ya ajiye su gobe cutar ta kama sauran.

Wani lokacin ma ba tausayi a ciki, tsoro ne tsagwaronsa. A 1916 annobar shan-inna ta faɗa wa birnin Niyok, jita-jita ta bazu cewa maguna ke yaɗa ta. Kafin ƙarshen watan Yuli jaridu sun ba da rahoton an kashe 72,000. Mage kuwa ba ta ɗaukar shan-inna, ba ta kuma ba wa kowa.

Me ya sa likitocin dabbobi ba su da abin cewa? Domin ba don mage aka buɗe sana'ar ba. Makarantar farko, wadda Claude Bourgelat ya kafa a Liyon ta Faransa a 1761, don doki da saniya aka yi ta. Ta Landan da ta biyo a 1791 kusan doki kaɗai ta sani. Dabbar da ke jan igwa ko garma ita ke da likita. Haka abin ya zo mana nan ma: cibiyar binciken da Turawan mulki suka kafa a Bom, kusa da Jos, a 1924, bushiya ta zo yaƙa, saboda saniya na biyan jangali, mage ba ta biyan ko anini. Abin da ya fara ɗaga darajarta a Ingila gasar nuna maguna ce da Harrison Weir ya shirya a Landan a 1871. Daga nan aka sami maguna masu tsada, masu su kuma masu kuɗi. Sai ga shi an je gasa an dawo, bayan 'yan kwanaki amai da gudawa su share gida kaf, har ana kiran cutar zazzaɓin gasa. Kukan masu kuɗi ya kai inda na 'yar titi bai taɓa kaiwa ba.

Wannan cuta ita ce babbar makashiyar 'yan kyanwa, jiya da yau. A 1928 wasu Faransawa biyu, Verge da Christoforoni, suka nuna cewa ƙwayar da ke kawo ta ta fi ƙanƙanta da a tace ta, wato bairas ce. A 1939 William Hammon da John Enders na Jami'ar Harvard suka bayyana yadda take cinye fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, daga nan sunan fanlukofeniya ya bi ta. Wannan Enders ɗin shi ne daga baya ya sami kyautar Nobel a 1954 saboda gano yadda ake rainon ƙwayar shan-inna a ɗakin gwaji, aikin da ya buɗe hanyar rigakafinta. Cutar da aka kashe maguna a kanta bisa zalunci, wanda ya yi karatu a jikin mage na cikin waɗanda suka karya ta. Ita ƙwayar fanlukofeniya sai a 1964 aka iya rainonta, a Bristol, daga jikin wata damisa, sannan aka sami allurar rigakafi mai inganci. Aka kuma gane abin da ya sa gidan da ta shiga ba ya sake riƙe jarirai: tana iya shekara guda a ƙasa da kwano da tsumma tana jira, sabulu ba ya kashe ta, sai ruwan bilic. Wannan ne asalin dokar farko ta mai tsinto 'yar kyanwa, cewa a ware ta a ɗaki ita kaɗai kamar mako biyu kafin ta haɗu da magunan gida.

Murar maguna, wadda ke liƙe idon jarirai da ruwan ƙwantsa har wani ido ya mutu, an gano ƙwayoyinta biyu a 1957 da 1958. Ita ma ta shiga cikin allurar.

Sai dai allura ba ta da amfani ga 'yar kwana 5. Abin da ke ceton wannan ba a babban ɗakin gwaji aka haɗa shi ba, a hankali ya taru daga masu kiwo da likitoci da matan da suka kwana zaune da kwali a gefen gado. Kuma kusan dukkansa kwaikwayon uwa ne.

Na farko ɗumi. Jaririyar mage ba ta iya riƙe zafin jikinta sai ta kai wajen mako 4; a cikin 'yan'uwanta da cikin uwarta take samu. In ta yi sanyi, hanjinta ya tsaya. Nan ne mai tausayi ya fi yin kisa ba da saninsa ba: ya tsinto ta da sanyin asuba tana kuka, zuciyarsa ta ce yunwa ce, ya ɗura mata madara, madarar ta zauna a ciki ba ta narke ba ko ta koma huhu. Ka'ida ita ce a fara ɗumama ta sannu a hankali, da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe a tsumma ko a cikin riga a jikin mutum, sai ta ɗau ɗumi a ba ta abinci. In ta yi laushi ƙwarai, ɗan ruwan sukari a dasashi kan farfaɗo da ita kafin a kai ga likita.

Sai madarar kanta. Hoton mage da kwanon nonon saniya ya daɗe a zukatan mutane, ya kuma kashe jarirai ba adadi. Nonon mage ya ninka na saniya wajen sinadarin gina jiki, na saniya kuma kan sa su gudawa, gudawa kuwa ga abin da bai kai nauyin albasa ba ajali ce. Saboda haka aka haɗa madarar gari ta musamman don su. Ana ba su kowane awa 2 zuwa 3, dare da rana, suna kwance a kan cikinsu kamar yadda suke kama nonon uwa. In aka kwantar da su rigingine kamar jaririn mutum, sai su shaƙe. Akwai kuma abin da gwangwani ba ya bayarwa, wato dakashi. A ranar farko kaɗai hanjin jaririya ke iya shan garkuwar da ke cikinsa. Wadda ta rasa wannan rana ta shigo duniya ba sulke, shi ya sa wani lokaci a yi komai daidai amma a wayi gari ta tafi.

Abin da ya fi ba sabon mai reno mamaki shi ne cewa ba ta iya fitsari ko kashi da kanta sai wajen mako 3. Uwa ce ke lasar ƙasanta bayan kowane shan nono. In babu uwa, auduga ce da ruwan ɗumi. Sannan sikeli: mai lafiya takan ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, kuma tun kafin ido ya ga alamar ciwo sikeli ya gani. Ƙuma, da babbar mage ke sosawa ta wuce, tana iya shanye jinin jaririya har dasashinta ya yi fari. Ana cire ta da mataji da wankan ruwan ɗumi, a busar nan da nan, domin wasu magungunan ƙwari da ake ɗiga wa karnuka guba ne ga mage. Haka farasitamol, wanda muke ba kowa a gida daga kaka har jika: hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe babba, balle ƙarama. A ƙasashen da ciwon haukan kare bai ƙare ba, namu na ciki, cizo ko yakushin magen titi ba abin wasa ba ne. A wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti.

Ko kawo su cikin ɗaki ma yana da tarihi. Da toka da yashi ake zuba wa mage ta yi bayan gida, wari ya hana a bar ta a ciki. A 1947 wani ɗan kasuwa a Mishigan, Ed Lowe, ya ba maƙwabciyarsa busasshen yumɓu mai tsotse ruwa a madadin yashi, daga nan aka sami kasuwa guda, mage kuma ta sami wurin kwana.

Saura tambayar da ta raba 'yar titi da 'yar gida: wadda aka haifa a kango, uwarta ba ta taɓa yarda da mutum ba, za ta saba? Eileen Karsh ta Jami'ar Temple a Filadelfiya ta gwada wannan a shekarun 1980. Ta gano cewa akwai ƙofa da ke buɗe daga mako 2 zuwa mako 7 na rayuwa. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakani takan tashi tana son mutane, kuma minti 40 a rana ya fi minti 15 tasiri. In ƙofar ta rufe, abin na yiwuwa amma da wuya, wani lokaci sai dai a haƙura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ya dace da tsarin da masu kula da magunan titi a Ingila da Denmak suka fara yaɗawa a shekarun 1970: manya a kama su, a yi musu aikin hana haihuwa, a yanke ɗan bakin kunne don shaida, a mai da su inda suke, ƙanana kuwa a kai gida a rena. Ya kuma zo da gargaɗin da masu zafin tausayi ba sa son ji, cewa jariran da aka gani su kaɗai, in suna da tsabta da ƙiba suna barci, mai yiwuwa uwar farauta ta tafi. Ɗauke su a lokacin sata ce da sunan ceto.

Masu renon gida ba karɓar ilimi kawai suka yi ba, sun bayar. A garin Petaluma na Kalifoniya akwai wata mata da ta tara magunan titi da dama a gidanta, tana rubuta ciwon kowace. Ta lura cewa waɗanda ke keji ɗaya suna ta ramewa, baki na ruɓewa, ciwo na bin ciwo, alhali gwajin cutar da aka sani bai nuna komai ba. Lokacin ana tsakiyar tashin hankalin ƙanjamau, sai ta ce wa likitoci ita fa tana ganin irinsa ne. A 1986 Niels Pedersen da Janet Yamamoto na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka duba jinin magunan, suka sami sabuwar ƙwaya, dangin ta ƙanjamau amma ba ta kama mutum. Aka buga sakamakon a 1987. Littafin rubutun matar nan na cikin abin da ya nuna musu inda za su duba.

Labari na ƙarshe ya fi rikitarwa, kuma har yanzu ban gama yanke hukunci a kansa ba. Jean Holzworth malamar Latin ce da fanlukofeniya ta kashe mata mage, ta bar Latin ta koma karatun likitan dabbobi, ta gama a Cornell a 1950. Ita ce a 1963, a Boston, ta fara bayyana wata cuta da aka sa wa suna FIP, wadda ta fi kama ƙanana, musamman waɗanda suka fito daga cunkoso. Ciki ya cika da ruwa rawaya, zazzaɓi ya ƙi sauka. Fiye da shekara 50 hukuncin kisa ce, ba wadda ake sa ran ta tashi. A 2019 Pedersen ɗin nan dai ya buga gwajin wani magani mai suna GS-441524, ɗan'uwan remdesivir da aka yi amfani da shi lokacin korona: cikin maguna 31, 26 suka kammala mako 12 na allura, 25 suka rayu. Amma kamfanin Gilead mai maganin bai ba da izinin a fitar da shi don dabbobi ba.

Sai masu maguna suka bi ta bayan gida. Aka riƙa haɗa maganin a Sin ana sayarwa a ɓoye, aka buɗe zaurukan Facebook inda wanda magensa ta warke ke koya wa sabon zuwa yadda ake auna nauyi, a lissafa adadi, a tsira allura mai zafi kullum har kwana 84. Likitoci da yawa suna tsoron lasisinsu, iyakarsu su yi gwajin jini su kau da kai. Ba wanda ke da tabbacin abin da ke cikin kwalbar, farashi kuma na dubban daloli ne, an kuma cuci wasu. Duk da haka, wani bincike na 2021 da ya tambayi mutum 393 da suka yi wannan jinya a gida ya tarar magunan 380 suna raye. Bakin masu su ne, ba gwajin asibiti ba, amma ga cutar da a da ba ta barin kowa, adadin ya isa ya sa hukumomi su motsa. Ostireliya da Birtaniya suka buɗe hanyar samun maganin ta halal a 2021. A Amurka, inda aka gano shi, sai a watan Yunin 2024 likita ya iya rubuta shi a takarda.